Kada Ka Wanke Tsohon Soso

A watan Janairu na shekarar 2022, sanyin hunturu yana kan ganiyarsa, na sayi wani babban tankin kifi na gilashi a hannun wani likita da aka yi wa canjin wurin aiki daga Gusau zuwa Abuja. Tankin na hannu ne, ya ga jiya ya ga yau. Ni malamin makaranta ne, in kuwa ka ce wannan saye ya fi ƙarfin aljihuna, ba zan musa maka ba. Sai dai ina roƙonka, ƙaunataccen mai karatu, ka saurari yadda muka kwance tankin nan, muka ɗauke shi, muka sake kafa shi, gama a cikin wannan aiki ne idona ya buɗe ga wani laifi da na yi wata uku ina aikatawa a gidana, ina kiransa alheri.

Mahaifina ne dalilin sayen. Mu mutanen 'Yankuzo ne, a ƙaramar hukumar Tsafe. A can aka haifi Baba, a can ya yi noman gero da dawa da gyaɗa tun yana saurayi, a can kuma muka binne mahaifiyarmu. Halin da ƙasarmu ta shiga a hannun 'yan bindiga ba sai na bayyana maka ba. A farkon Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jihar Zamfara, kasuwannin mako kuma suna rufe, muka yi makonni ba mu ji muryarsa ba. Duk motar da ta fito daga wajen Tsafe sai in tare ta a tasha ina tambaya. Da na sami hanya a watan Oktoba na je na ɗauko shi, dawarsa tana tsaye a gona ba a yanka ba. Bai yi mini gardama ba. Ya kulle ƙofar ɗakinsa, ya sa mabuɗin a aljihu, ya shiga mota.

Na yi masa abin da nake gani ɗa na ƙwarai zai yi. Na sa aka yi wa ɗakinsa sabon fenti, aka shimfiɗa tayil, na sayo katifa da fanka da talabijin. Kayan da ya zo da su cikin buhu ɗaya suke: tsohon bargo mai warin hayaƙi, tabarma da gefenta ya zare, 'yar fartanya da ƙotarta ta yi santsi saboda daɗewa a hannu, da riguna kaɗan. Na ji kunyar maƙwabta su gani. Bargon da tabarmar na ba mai kwasar shara, fartanyar na ba wani yaro, na sayo masa sabon bargo mai laushi daga kasuwa.

Ban tsaya nan ba. Mutanen garinmu da suka gudo Gusau, waɗansunsu suna kwana a kangaye da gine-ginen da ba a ƙarasa ba, suka ji Baba yana wurina, suka fara zuwa gaisuwa. Kowa ya zo da ƙura a ƙafa da mugun labari a baki: an ɗauke wane, an kashe wane, an ɗora wa ƙauye kaza haraji. Waɗansu kuma sukan zo da 'yar buƙata. Sai na ce wa yarana duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa a gaya masa tsoho yana barci. Na faɗa wa kaina hawan jininsa nake tsarewa. Rabin gaskiyar ke nan. Ɗaya rabin kuwa, aljihuna da kujerun falona nake tsarewa.

Baba ya fara shiru. Mutumin da yakan cinye malmalar tuwo biyu ya koma sai ya gutsura sau uku ya ture kwano. Muka kai shi asibiti, aka auna jini, aka ce ba a ga wani sabon ciwo ba. Yakan wuni a bakin gado, hannuwa a kan gwiwa, talabijin tana ta magana ita kaɗai. In na ce, "Baba, me kuke so a kawo muku?" sai ya ce, "Ba komai, Allah ya yi albarka." Ina cikin wannan damuwa ne wani abokin aikina ya gaya mini likitan nan yana sayar da kayan gidansa, har da tankin kifi. Na ce a raina ko kallon abu mai motsi zai ɗebe wa tsoho kewa.

Tankin ƙafa biyar ne a tsawo, ƙafa biyu a faɗi, ƙafa biyu a zurfi. Yana cin ruwa sama da lita 500, wato jarka ashirin da ɗoriya ta mai lita 25. Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka ruwan kaɗai ya wuce nauyin manyan buhunan masara biyar, gilashin kuma ko babu ɗigo a ciki ya kai nauyin buhu guda. A ciki akwai kifaye 24, waɗansu rawaya kamar ƙwaiduwa, waɗansu shuɗi da ratsin baƙi. Asalin irinsu daga tafkin Malawi ne, a kudu maso gabashin Afirka, dangin karfasar da muke ci ne. Kamar karfasa kuma, macensu takan riƙe ƙwanta a baki, ta yi kusan mako uku ba ta ci abinci ba har 'ya'yan su isa fita.

Likitan ya ce mini da can tankin na ruwan gishiri ne. A Legas ya fara ajiye shi, da kifayen teku. Ya ce, "Malam, ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. Kafin in cika tankin nan sai na narkar da gishiri fiye da kilo 17, kuma gishiri na musamman, ba irin na miya ba. In rana ta sha ruwan, gishirin yana nan bai tafi ba, sai ka ƙara ruwan daɗi, in ba haka ba ya yi wa kifi kauri." Ya ce abin da ya fi kifayen tsada shi ne waɗansu duwatsu masu huji-huji da ake kira duwatsu masu rai, saboda ƙananan halittun da ke zaune a cikin hujinsu suna tace ruwa. Ranar da aka kawo shi Gusau, masu lodi suka zuba duwatsun a busassun kwalaye, motar kuma ta kwana a hanya. Da aka buɗe, warin ruɓa ne ya fara tarbarsa. Duwatsun sun iso babu ko tsaga, amma abin da ke cikinsu ya mutu, kifayen suka bi bayansu cikin mako ɗaya. Tun daga nan ya koma ga ruwan daɗi.

Na saurari labarin kamar yadda ake sauraron labarin hatsarin da ya faru da wani a wata ƙasa. Hankalina yana kan gilashi. Tsorona ɗaya ne, kada ya fashe.

Likitan ya daina ba kifayen abinci kwana biyu kafin ranar, domin kifin da cikinsa yake wofi ba ya ɓata ruwan bokiti a hanya. Ranar Asabar da hantsi, bayan sanyi ya ɗan sake, muka fara. Muka zare duk wayoyin wuta tukuna. Muka zuƙo ruwan sama da tiyo tun bai gurɓace ba, muka cika jarka goma. Muka kwashe duwatsun ado, gama muddin akwai maɓoya ba za ka kama kifi ba. Da ruwa ya rage kamar taƙi ɗaya, muka bi kifayen da 'yar raga, muka raba su a bokiti huɗu, kowanne ruwa rabi domin iska ta sami wuri, muka rufe, muka naɗe da barguna saboda sanyi. Sa'an nan muka kwashe tsakuwar ƙasa, wadda ta yi baƙi-baƙi tana yauƙi. Likitan ya hana a bar ko kofi ɗaya na ruwa ko tafin tsakuwa a ciki. Ya ce gam ne kaɗai ya haɗa gilasan, in aka ɗaga tanki da nauyi a cikinsa, ruwan zai kaɗa gefe guda ya murɗa gam ɗin, kuma ba lalle ya nuna a ranar ba, sai bayan wata guda cikin dare.

Daga ƙarshe ya buɗe matacin ruwan, wani akwatin roba da ke ƙarƙashin tebur. Ya ciro manyan soso guda uku, sun yi launin ƙasa, suna ɗigar da wani abu kamar taɓo. Ya sa su a bokiti, ya zuba musu tsohon ruwa har ya rufe su, ya miƙo mini da hannunsa. Ya ce, "Malam, wannan bokiti ya fi duk abin da ka saya daraja. Kada ka wanke, kada ka bari ya bushe, kada kuma ya daɗe a rufe. Kana isa gida ka mayar da shi." Na ce to. A daidai lokacin samari shida suna ciccibar gilashin ta ƙofa, idona yana can, kunnena kaɗai na bar wa likita.

A-kori-kura muka ɗauka. Muka shimfiɗa falanki, muka ɗora katifa, muka zaunar da tankin a kan gindinsa, muka cusa tsummoki a kusurwoyi, muka ɗaure da igiya. Na zauna a baya ina rungume da shi kamar mai rakiyar amarya. Tafiyar da babur ke yi cikin minti goma ta ci mana kusan awa guda, kowane rami sai na buga wa direba rufin mota. Da muka isa, na kira wani magini ya auna teburin ƙarfen, muka yi ta cusa guntayen tayil a ƙarƙashin ƙafafunsa har ya daidaita, gama tankin da ya karkata, nauyinsa a kusurwa ɗaya yake taruwa. Gilashi ya iso lafiya. Na yi ajiyar zuciya, a ganina aiki ya ƙare.

Sai na buɗe bokitin soso. Wani wari irin na bakin fadama ya tashi. Na dubi sabon fentin falona, na dubi ɗakin Baba mai ƙamshin turare, na ce haba, wannan ƙazanta ba za ta shiga gidana ba. Ai likita nufinsa kada in sa sabulu. An kawo ruwan famfo a ranar, mai ƙamshin kulorin, sai na tsuguna na matse sosunan, na cuɗa, na ɗauraye har suka koma fari kamar sababbi. Na wanke tsakuwar ita ma, na baza su duka a kan tabarma a rana. Kifayen suka wuni a cikin wani babban baho. Da yamma na mayar da komai, na juye jarkoki goma na tsohon ruwa, na cike da ruwan burtsatse daga 'yan ga-ruwa, na kunna inji.

Ɗan'uwana, da ka ga tankin a daren nan da ka yaba mini. Ruwa garau, kamar kifayen a iska suke yawo. Baba ya fito da sandarsa, ya zauna a gaban gilashi, ya daɗe yana kallo. Kashegari ya karɓi gwangwanin abincin a hannun jikarsa ya barbaɗa musu, suka yi rububi, na ga gefen bakinsa ya motsa. Ban hana shi ba, ko da yake likita ya ce a rage abinci a makon farko. Sau huɗu ya ba su a ranar.

A kwana na uku ruwa ya fara yin fari-fari kamar an ɗiga madara. A na huɗu kifayen suka taso sama suna buɗe baki, sun tsuke fukafukansu, jan naman da suke numfashi da shi a ƙarƙashin kumatu ya yi ja wur. A na biyar da asuba na tarar da uku sun juya ciki sama. Kafin mako ya cika na kwashe tara. Ruwa ba ya tsami banza. Na kira likita a Abuja, na jera masa duk abin da na yi daidai: falanki, katifa, magini, jarkoki. Ya bar ni na gama, sa'an nan ya ce, "Sosunan fa?" Na yi shiru. Ya ce, "Ka wanke." Na ce na wanke.

Abin kunyar shi ne bayanin da ya yi mini ba baƙo ba ne a wurina, na sha rubuta shi a allo. Kifi yana fitar da amoniya cikin ruwan da yake zaune a ciki, ragowar abinci ma in ta ruɓe amoniya take zama, ita kuwa guba ce. A kogi ruwa mai gudu yana tafiya da ita. A cikin tanki ba ta da wurin zuwa, sai dai a sami mai cinye ta. Masu cinye ta waɗansu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani. Kashi ɗaya suna mayar da amoniya ta zama nitirait, wanda shi ma guba ne, yana hana jinin kifi ɗaukar iska. Kashi na biyu suna mayar da nitirait ya zama nitiret, wanda kifi ke iya jurewa, tsiro kuma ke ci. Wani masani mai suna Sergei Winogradsky ne ya bayyana aikin waɗannan halittu a wajajen 1890. Ba su cika yawo cikin ruwa ba, manne suke a jikin soso da tsakuwa da dutse, cikin yauƙin nan mai launin ƙasa. Kulorin yana kashe su, rana tana kashe su. In suka ƙare, sabon zuri'arsu yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ya kafu, kifi kuwa ba ya jiran mako huɗu. Na yi jigilar jarka goma na tsohon ruwa da ƙyar, alhali abin da ya fi muhimmanci yana cikin bokiti ɗaya, kuma da hannuna na zubar da shi a kwata.

Likitan ya ce in tsayar da abinci, in riƙa sauya sulusin ruwan kowace rana, sa'an nan in nemo tsohon soso daga tankin wani. Ya ce ya taɓa ba wata ma'aikaciyar jinya ƙaramin tanki saboda 'ya'yanta, yana nan a gidanta a Sabon Gari. Haka na ɗauki bokiti na tafi gidan mutanen da ban sani ba, na yi sallama, na ce na zo roƙon dauɗa. Matar ta yi dariya har da riƙe ciki, amma ta gane. Ta yanka sosonta biyu, ta ba ni rabi cikin ruwansa. Na riƙo shi a kan babur kamar mai riƙe da ƙwai.

Ina tsugune ina cusa shi a cikin mataci, Baba yana zaune a bayana. Ya ce, "Wannan kuma mene ne mai wari ka kawo?" Na yi masa bayani iyakar iyawata, na ce akwai waɗansu 'yan halittu a ciki da ke cinye ƙazantar kifi su mayar da ita abin da ba ya cutarwa, irinsu ne kuma ke cikin ƙasar gona. Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Taki ke nan. Ɗanyen kashin shanu ƙona shuka yake yi. Sai ya kwana biyu a juji, abin da ke cikin ƙasa ya ci shi, sa'an nan ya zama abinci." Rabon da in ji ya jera magana haka tun muna 'Yankuzo. Muka yi shiru, injin yana ta gurnani. Can sai ya ce, a hankali, ba tare da ya dube ni ba, "Bargon nan nawa, innarku ce ta saya mini a kasuwar Tsafe shekarar da aka yaye ka. Ina ka ajiye shi?"

Ban sami abin faɗa ba. Wata uku yana riƙe da tambayar nan, kawaici ya hana shi yi.

A daren nan barci ya ƙaurace mini. Na ga cewa abin da na yi wa kifaye cikin wuni ɗaya shi na yi wa mahaifina a hankali. Na kula da gilashi ƙwarai: na fitar da shi daga bakin bindiga, na ba shi rufi da magani da abinci, kuma ba na nadamar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Amma shi ma, kamar kowane mai rai, zuciyarsa tana fitar da nata dafin kowace rana: kewar matarsa, tunanin dawar da ya bari a tsaye, tsoron mutuwa a garin da ba nasa ba. A 'Yankuzo akwai abin da ke cinye wannan dafi tun bai taru ba. Akwai zaman gindin tsamiya da tsararrakinsa bayan an taso daga gona. Akwai doguwar gaisuwa wadda ake tambayar gajiya da iyali da dabbobi. Akwai zuwa jana'iza da suna, da sulhunta yara a kan iyakar gona, da aikin hannu da ke sa mutum ya kwanta da gajiya mai daɗi. Ko mugun labari, in an ji shi tare aka yi jaje tare, yakan narke. Ban taɓa lissafa waɗannan cikin dukiyarsa ba, domin ba sa shiga buhu. Ɗan abin da ya biyo shi har Gusau, wato bargo da fartanya da mutane masu ƙura a ƙafa, shi ne rabin sosonsa, ni kuwa na ga dauɗa na wanke.

Da gari ya waye na gaya masa gaskiya game da bargon, na roƙi gafara. Ya ce, "Ya wuce." Na san bai wuce ba, amma ya yafe. Na janye umarnin da na ba yara game da ƙofa. Na shimfiɗa tabarmi biyu a zaure. Na tambayi waɗanda suka fara dawowa inda babban abokinsa yake, aka ce yana Bunguɗu wurin 'yarsa. Na je na ɗauko shi ya kwana uku. Da tsofaffin nan biyu suka haɗu ba su yi wata doguwar magana ba da farko, suka riƙe hannun juna suna ta "sannu, sannu", sa'an nan suka fara lissafin waɗanda suka rasu, suna kuka. Na tsorata, na ce ga abin da nake gudu. A daren nan Baba ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ba zan ruɗe ka da cewa komai ya gyaru ba. Zaurena ya cika da mutane, tayil ɗina ba ya rabuwa da ƙura, albashina kuma yana ƙarewa tun wata bai yi nisa ba, gama mai buƙata yana zuwa da buƙatarsa, kuma wani lokaci sai in ce babu. Mugayen labarai ba su daina zuwa ba. Kifaye tara ba su dawo ba, bargon ma haka. Mabuɗin ɗakin 'Yankuzo yana nan a aljihun Baba, yakan taɓa shi in ya tashi tsaye, ni kuwa ba ni da ranar da zan iya yi masa alkawarin komawa. Abin da ya sauya shi ne yanzu yana da inda baƙin cikinsa ke zuwa.

Ƙaunataccen mai karatu, a ƙasarmu ta yau da wuya a sami gidan da bai ɗaga wani daga mazauninsa ba, ko bai karɓi wanda aka ɗaga ba. Wataƙila tsohuwarka ce ka ɗauko daga ƙauye, ko amarya da aka kawo daga wani gari, ko maraya da ya shigo hannunka, ko kuwa kai da kanka ne aka tumɓuke. Na san za ka kula da gilashi, kowa yana kula da shi, gama shi ne yake ƙara in ya fashe. Roƙona gare ka shi ne, kafin ka zubar da wani abu nasa don ya tsufa ko yana wari, kafin ka rufe ƙofa ga mutanensa don suna da nauyi, ka tsaya ka tambaye shi me abin nan yake yi masa. Kada ka dogara ga "ba komai" na farko, mutanenmu masu kawaici ne. In kuwa ka riga ka wanke, kamar yadda na yi, to, kada kunya ta hana ka ɗaukar bokiti. Akwai wani gida a garinku da ke da tsohon soso, kuma sau da yawa masu shi suna murnar yanka maka rabi.

Bayan mako biyar ruwan tankin ya washe da kansa, kifaye 15 da suka rage suka dawo da launinsu. Na je wurin maƙeri na sayo fartanya. Baba ya juya ta a hannu, ya ce ƙotar ta yi kaushi, amma ya karɓa. Akwai wani ɗan fili a bayan gida inda muke tara tarkace, ya share shi, ya shuka kuɓewa da yakuwa. Kowace Asabar nakan zuƙe rubu'in ruwan tankin in cika jarkoki, shi kuma ya hana a zubar, ya ce na shukarsa ne, kuma yana da gaskiya, gama nitiret ɗin da ya taru a ciki taki ne. Sosunan kuwa sau ɗaya a wata nake ciro guda, in ɗan matsa shi a cikin tsohon ruwa, in mayar da shi da launin ƙasarsa. In na daɗe ina matsawa, sai in ji muryar Baba daga baya yana cewa, "Ya isa haka nan."

Allah ya ba mu idon gane abin da ke rayar da waɗanda aka damƙa a hannunmu, ya kuma mayar da kowane mai gudun hijira gidansa lafiya. Amin.